Kututturen Gonar Ƙirya

Gonar gidanmu da ke kudu da Tawa, ɓangaren Badagishiri, sunanta Gonar Ƙirya tun kafin a haifi mahaifina, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙirya ko guda a cikinta ba, haka ma duk tsararrakina. Abin da ke tsaye a gonar gawo ne guda shida da aduwa biyu, sai kalgo da sabara waɗanda muke sassabewa kowace bazara su sake tohowa. Sunan ya zauna a bakin mutane kamar yadda sunayen wurare suke zama, babu mai tambayar dalilinsa. Sai a daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna a kusan dukkan jihohin Nijar, ƙoramar da ta bi ta gabashin gonar ta ci gaɓarta, ta tone wani ƙaton kututture da rairayi ya binne shekara da shekaru. Da na auna shi, faɗinsa santimita 78 ne. Ba ɓawo a jikinsa, ba toho, fuskarsa ta yi toka-toka ta tsattsage, manyan saiwoyinsa uku suna reto a bakin gaɓa.

Baffana, wanda yake riƙe da gonar tun rasuwar mahaifina, yana ganinsa ya ce wannan ita ce ƙiryar da aka sa wa gona sunanta. Maƙwabcinmu na gona ya ce atafau bagaruwa ce, hujjarsa kuwa ita ce bagaruwa ce take son bakin ruwa. Ƙanena da yake aikin kafinta a Yamai, da na tura masa hoton wurin da gatari ya ɗan ɓantare, bai yi wata-wata ba ya ce maɗaci ne, tun da cikinsa ja ne. Mutum uku, suna uku, kuma kowannensu ya san itace gwargwadon sana'arsa. Ni kimiyyar halittu nake koyarwa a makarantar sakandare a nan Tawa, don haka Baffa ya juyo ya ce mini, "To, kai da ka yi karatun abin, sai ka raba mu." Na ɗauki maganar da nauyinta, domin ni ma na daɗe ina son sanin ko sunan gonarmu yana da tushe.

Wahalar aikin ita ce, duk abin da muka saba gane bishiya da shi ya riga ya tafi. Gawo muna saninsa da kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Maɗaci ɗacin ɓawonsa ne ya ba shi suna. Bagaruwa tana da ƙaya da ƴaƴan da majema suke jima da su, aduwa tana da doguwar ƙaya koriya, kanya da tsamiya kuwa ko yaro ya san su da abin da yake tsinta a gindinsu. Hatta shahararriyar bishiyar nan ta Tenere, wadda mota ta kayar a 1973 aka kawo gangar jikinta gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, babu gardama a kan cewa kandili ce, saboda ayari da matafiya sun gan ta da ganyenta da ƙayarta tana raye. Namu kututturen ba wanda ya rage da ya gan shi da ganye. Itacen ne kaɗai zai ba da shaida a kan kansa.

Na fara da ajiye maganar launi gefe, kuma ina ganin duk mai son wannan aiki nan ya kamata ya fara. Launi shi ne abin da ido yake fara kamawa, shi ne kuma mafi raunin shaidu. Rana tana mayar da kowane itace ruwan toka, ƙasa da danshi suna rina shi, sabon sara kuma yana ƙara duhu bayan kwana kaɗan da shan iska. Ban da haka, masu jan ciki a ƙasarmu suna da yawa: maɗaci, da ƙirya, da bagaruwa, da kaɗe, da turare, har da tsohon dogon yaro. Dogon yaro ma, wanda asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta aka kawo shi, dangi ɗaya ne da maɗaci a lissafin masana tsirrai, shi ya sa katakonsa in ya tsufa yake rikitar da wanda idonsa bai goge ba. Ƙanena bai yi ƙarya ba da ya ce cikin kututturen ja ne, sai dai jan bai isa ya raba shida ɗin nan ba.

Da izinin Baffa na yanko guntu daga ɗaya daga cikin saiwoyin, da wani kuma daga gefen kututturen kansa, domin ƙirar saiwa takan ɗan bambanta da ta gangar jiki. Yankan ya ci mini rabin yini, zarto ya dakushe har sau biyu. Tun a nan na lura da abu na farko mai amfani. Kowace bishiya tana da farin gefe a bayan ɓawo, wanda ruwa yake bi ya hau zuwa ganye, sa'annan tana da zuciya a ciki, wato tsohon itacen da ya daina aiki, bishiya ta cika shi da ƙaro da wasu sinadarai masu korar ƙwari da ruɓa. A kututturenmu gara ta cinye farin gefen ƙarƙaf, ana ma ganin tsoffin hanyoyinta, amma da ta iso zuciya sai ta tsaya. Itacen da ya kwana a cikin ƙasa shekaru masu yawa, gara tana kewaye da shi ba ta huda shi ba, ba zai zama gawo ba, ba zai zama ɗanya ba, domin waɗannan biyun duk manomi ya san ba sa jimre wa ƙasa.

Shaida ta biyu nauyi ne. Ba nauyin ɗagawa da hannu nake nufi ba, sai nauyin itace gwargwadon girmansa, kuma ana iya auna wannan da kayan da ke kowane ɗakin gwaji na makaranta. Na bar guntun ya bushe a inuwa har hunturu ya shigo, na sassaƙe shi ya yi sumul, na ɗora a sikeli ya ba ni giram 186. Na shafe shi da kakin kyandir don kada ya sha ruwa, na nutsa shi cikin kwalbar awo, ruwa ya tashi da mililita 190. Ma'ana, lita ɗaya ta wannan itace tana da nauyin giram 980, kusan daidai da ruwa, wanda litarsa kilo ɗaya ce. Da na sake shi a bokiti sai ya tsaya a maƙale, ɗan bakinsa kaɗai ya leƙo. Busasshen gawo ko dogon yaro da sun taso sama sosai, maɗaci kuwa yakan tsaya wajen giram 750 zuwa 800 a lita. Ƙirya tana kaiwa 900 zuwa sama da 1000. A nan maganar ƙanena ta faɗi, amma ta Baffa ba ta tabbata ba tukuna, domin bagaruwa da marke da zuciyar tsamiya duk masu nauyi ne, kanya ma ba ta da nisa da su.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne fuskar yanka, wato wurin da aka datse itace a gicciye. Tsagar tsaye, irin wadda ake gani a jikin katako, ado take nunawa. Fuskar yanka ita ce take nuna ginin itacen. Sai dai zarto yana dagula ta, dole a sa sabuwar reza a shafto wuri kamar faɗin farce a sara ɗaya, a ɗan jiƙa shi da ɗigon ruwa, sa'annan a kawo madubin hannu mai ƙara girma sau goma dab da ido, a matso da itacen har ya fito sarai. Na ɓata reza biyar kafin in samu fuska mai kyau. Abin da ake nema iri uku ne. Akwai hudoji, wato bakin bututun da ruwa yake bi. Akwai siraran layuka da suke tasowa daga tsakiyar bishiya zuwa ɓawo kamar wayoyin ƙafar keke. Akwai kuma wani farin nama mai taushi inda bishiya take ajiyar abinci, wanda a wasu itatuwa yake kewaye hudojin, a wasu kuma yake shimfiɗuwa layi-layi. Girman hudojin, da yawansu, da yadda suka jeru, da siffar farin naman, kowace zuriya ta itace da nata tsarin, kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum a da.

Hudojin nan su ne ma ainihin abin da masana suke raba itatuwa da shi gida biyu. Itatuwa masu fure da faffaɗan ganye, wato kusan duk namu, suna da su, kuma su ne Turawa suke kira masu tauri, ko da kuwa itacen laushi gare shi kamar na kuka ko rimi. Itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, irin waɗanda ake yin farin katakon akwatunan kaya da su, ba su da waɗannan hudoji. Don haka sunan ba awon tauri ba ne, bayanin ƙira ne.

A ƙarƙashin madubi, hudojin kututturenmu matsakaita ne, ba su cika yawa ba, a warwatse suke ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, da yawa a cikinsu a toshe da wani abu mai duhu kamar busasshen ƙaro. Kowace huda tana da farin rawani kewaye da ita, wani lokaci rawanin ya miƙe hagu da dama ya haɗe da na maƙwabciyarsa. Wannan tsari ya zama ruwan dare a dangin itatuwa masu ƴaƴa a cikin kwanso, dangin su wake da gyaɗa, wanda gawo da ɗorawa da tsamiya da bagaruwa da ƙirya duk a cikinsa suke. Marke ba haka yake ba, nasa hudojin ƙanana ne, masu yawa, a jere kamar carbi. Kanya kuma tana da siraran fararen layuka da suke gittawa da wayoyin nan su yi kamar saƙar raga. Aduwa tun daga nesa ta fita, domin itacenta rawaya ne kuma wayoyinta masu kauri ne har ido yana ganinsu ba madubi, duk wanda ya taɓa wanke allo ya ƙura masa ido ya san haka. Tsamiya na cire ta da wata hujjar daban: zuciyarta ƴar kaɗan ce a tsakiyar faffaɗan farin gefe, alhali namu kututturen zuciya ce tun daga tsakiya har kusan baki. Saura biyu, ƙirya da bagaruwa, wato Baffa da maƙwabcinsa, kuma madubina bai isa ya raba su da kansa ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, na ɗauki guntun na je rumfar wani tsohon masassaƙi da ya kusa shekara saba'in, wanda gidanmu suka daɗe suna sayen turmi da ƙota a wurinsa. Na gaishe shi, na miƙa masa ban ce komai ba, don kada in sa masa suna a baki. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da bayan gizago ya kasa kunne, ya shafto ɓallin da bai fi ganyen magarya ba, ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa, sa'annan ya taɓa shi da harshe.

"Mushe," in ji shi, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a nan, "ina ka samo wanga icce? Ƙirya ce, kuma tsohuwa."

Na ce, "Baba, akwai mai cewa bagaruwa ce."

Ya girgiza kai. "Bagaruwa ba ta da wanga ƙamshi. Shaƙa ka ji. Kuma ka ji kukan da ta yi da na buge ta? Na yi shekaru ban sa gizago ga irinta ba, wadda muke samu yanzu daga kudu ake kawo ta, kuma ƙanana ce."

Na shaƙa, kuma gaskiya akwai wani ƙamshi mai sanyi a sabon saran, wanda ban kula da shi ba a gona saboda ƙura da gumi. Littattafan masana ma sun ambaci ƙamshin sabon yankan ƙirya, kamar yadda suka ambaci yadda take dakusar da ƙarfe. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin binciken tsohon bai bambanta da nawa ba: nauyi ya fara dubawa, sai tauri ta hanyar amo, sai ƙamshi, sai yadda ɓalli yake fita daga bakin gizago. Launi bai ko ambace shi ba. Bambancinmu shi ne ni ina da madubi da sikeli, shi kuma yana da dubban itatuwan da suka bi ta hannunsa, waɗanda yake gwada sabo da su ba tare da ya buɗe littafi ba.

Gwadawa da abin da aka riga aka sani ita ce ƙashin bayan wannan ilimi ko'ina a duniya. A gidan tarihin Afirka da ke Tervuren a Beljiyam akwai taskar guntayen itace sama da 80,000, kowanne da sunansa da inda aka samo shi, kuma aikin masanan wurin shi ne su ɗora baƙon guntu kusa da sananne su duba. A 1989 ƙungiyar masana ƙirar itace ta duniya ta fitar da jerin alamomi 163 da ake dubawa a na'urar hangen ƙananan abubuwa, kowace alama da lambarta, don mai bincike a Yamai da na Faransa su yi magana da harshe ɗaya. Rumbun InsideWood na wata jami'a a Amurka yana buɗe kyauta a intanet, da bayanin dubban itatuwa da hotunan fuskar yankansu, a can na duba na ƙirya da na bagaruwa. Ni ma na yi ƴar tawa taskar: na roƙi Inna ta bar ni in shafto ƙasan tsohuwar taɓaryarta, wadda kowa a gidan ya san ta ƙirya ce da aka sayo daga wajen Maraɗi, wani abokina kuma ya kawo mini busasshen reshen bagaruwa daga bakin tafkin Tabalak. Na jera ukun a ƙarƙashin madubi ɗaya da haske ɗaya. Fuskar kututture da ta taɓarya sun yi kama a girman hudoji da tazararsu da siffar rawaninsu har sai da na sa alama don kada in rikita su, ta bagaruwa kuwa ƴar uwa ce ta kusa, amma ana gane ba ita ba ce.

Hujjar maƙwabcinmu ta bakin ruwa Baffa ne ya warware ta, ba ni ba. Ya tuna masa cewa lokacin ƙuruciyarsu babu ƙorama a wurin sam, burtali ne da shanu suke bi zuwa rijiya, sai bayan da itatuwan tudu suka ƙare ruwa ya samu hanya ya riƙa zaizaye shi har ya zama abin da yake yau. Ashe bishiyar a jigawa ta tsiro, nesa da ruwa, kuma irin wurin da ƙirya take so ke nan. Maƙwabcin ya yi shiru, ya ce lalle burtali ne, ya tuna.

Ko da haka, a takardar da na liƙa wa guntun na rubuta sunan ƙirya na kimiyya, Prosopis africana, na ƙara da cewa an gane ta ne da nauyi da madubin hannu da shaidar masassaƙi. Na yi haka ne domin su kansu masana, da manyan na'urorinsu, sau da yawa ƙirar itace tana kai su ga zuriya ne kawai, ba ga takamaiman jinsi ba. Mu abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ƙirya ba ta da ƴar ɗaki a cikin itatuwan asalin ƙasar nan. Danginta na Amurka da aka shuka don tare hamada, waɗanda suka cika wasu fadamun Adar, wato yankinmu na Tawa, sun zo ne a baya-bayan nan, ba za su bar kututture mai wannan kauri da wannan tsufa ba.

Ba gardamar gona kaɗai wannan ilimi yake rabawa ba. Dokar gandun daji ta Nijar ta 1974, wadda aka sabunta a 2004, ta ware itatuwan da ba a sara sai da izini, gawo da maɗaci da tsamiya suna ciki. Amma ma'aikacin gandun daji da ya tare amalanke ko babbar mota ba bishiya yake gani ba, gungume yake gani ko katako ko turmi, ba ganye ba ɓawo. Haka abin yake a tashoshin jiragen ruwa. Madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada, an sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda take ƙayyade cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, a taron 2016, an ƙara da maɗaci da kawo a taron Panama na 2022, wato ba a fitar da su sai da takardar izini. Takardar ba ta da amfani in jami'in da ke duba kaya ba zai iya bambanta madobiya da wani itacen da aka rubuta sunansa a kanta ba. Ina ganin da za a ba kowane ma'aikacin gandun daji reza da madubin hannu da ƴar jakar sanannun guntaye, a kuma zaunar da shi mako ɗaya a rumfar tsoffin masassaƙa, da an rage ɓarna mai yawa da kuɗi kaɗan.

Shekarun bishiyar na ɗan gwada lissafa su. Da yake damina ɗaya muke yi a shekara, itatuwanmu da yawa suna barin siririn layi a inda girman kowace shekara ya tsaya, sai dai a shekarar fari layukan sukan matse har su haɗe, bishiyar da saiwarta ta kai ga ruwan ƙasa kuma takan ci gaba da girma ba ta bar alama sosai ba. A guntun gefen da na goge, layukan a cushe suke ƙwarai, alamar jinkirin girma, kuma ƙirya dama ba mai saurin girma ba ce. Mai kauri irin wannan ta ga zamani fiye da ɗaya.

Gwaggona, yayar Baffa, wadda ita ce mafi tsufa a zuriyarmu yanzu, da labari ya kai mata sai ta ce tana yarinya takan ji kakarsu tana zancen daddawar ƙirya da ake yi da ƴaƴan bishiyar gona, da yadda maƙeran gari suke zuwa roƙon busassun rassa don gawayinta ya fi kowanne riƙe wuta. Amfanin ƙirya shi ne ya cinye ta: turmi, taɓarya, dirkar rumbu, gawayin maƙera, ga makiyaya suna sassabe ganyenta da rani, ga ƙwayarta mai taurin ɓawo ba ta tsirowa da sauƙi, wadda ta tsiro kuma awaki su cinye. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarasa waɗanda suka rage a wurare da dama na Adar.

Baffa ya hana a taɓa kututturen, ya sa yara sun jera duwatsu a bakin gaɓa don kada ruwan baɗi ya tafi da shi. Saiwa ɗaya da ƙorama ta riga ta karya ita ce ya yarda a kai wa tsohon masassaƙi, wanda ya ƙi karɓar ko dala a kan shaidarsa, ya ce a ba shi ita kawai. Bayan mako biyu ya aiko jikansa gida da ƴar taɓaryar dakan yaji, baƙa-baƙa da ja, mai santsi, tare da saƙon cewa sau huɗu ya wasa gizagonsa kafin ya gama ta, sauran guntun kuma ya yi wa gizagon sabuwar ƙota da shi.